Buta Talatin da Biyar, Mata Ɗari Huɗu da Goma

Taro nawa kika halarta bara, kuma a guda nawa kika zauna har aka shafa addu'ar tashi? Ni na ƙirga nawa. Goma sha tara na je, da suna da walima da kamu da taron iyayen yara, a huɗu kacal na ga ƙarshe. Sauran goma sha biyar ɗin duk lokaci guda na sulale, da an kira la'asar. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai da na zauna a zauren Malama Ummukulsum, a Tudun Wada cikin Daura, inda take koya wa mata sana'ar tsara taro.

Malama Ummu, kamar yadda muke kiranta, haifaffiyar Dutsi ce. Aure ya kawo ta Daura tana da shekara ashirin da ɗaya, gidan Malam Audi mai sayar da hatsi. Da wanke tukwane ta fara. Gwaggon mijinta mai girkin biki ce, ita kuma tana bin ta gida-gida, shekara tara tana durƙushe gaban baho. Wurin wanke-wanke kuwa kullum kusa da ƙofa ake yin sa, don haka duk wadda ta shigo da duk wadda ta fita a kan idonta ne. A nan ta lura da abin da daga baya ya zama sana'arta.

"Mace ba ta barin taro don ya gundure ta," in ji ta, ranar da muka fara zama. "Buta take nema. An kira sallah, ta tashi, ta ga mutum takwas a gabanta, sai ta ce bari in leƙa gida in yi sallah in dawo. Wacce kuka taɓa gani ta dawo? Tana shiga za ta tarar ba a hura wuta ba, akuya ta tsinke igiya, maigida na tambayar ruwan wanka. Shi ke nan, taro ya mutu, mai taro na can tana zargin mutane."

Duk abin nan ta auna shi da agogo. Alwalar mace ɗaya minti uku ce. A cikin mata goma, bakwai ne za su nemi buta, sauran ko sun zo da alwalarsu ko suna hutun sallah. Mace na iya jira har minti goma sha biyu, in ya wuce haka ta ɗauki takalminta. Katin gayyata kuwa sai a ninka shi biyu, don babu mai zuwa ita kaɗai. In kuma ana son sanin mutum nawa ne a wuri, ba kawuna ake ƙirgawa ba, kawuna yawo suke yi. Bakin tabarma ake zuwa a ƙirga takalma, ƙafar dama kawai, a bar na yara.

Da wannan ta yi suna. Aka fara cewa taron da Ummukulsum ta riƙe ba ya watsewa sai an ce a tashi. Daga Baure ake aiko mata, daga Mai'aduwa ake aiko mata. Da aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai ta share zauren mijinta, ta jingina buhunan gero a bango, ta fara ɗaukar ɗalibai. Mata goma sha biyu take ɗauka, mako takwas, Asabar da Lahadi da hantsi. Mu ne zubi na bakwai, ke nan da mu ta koyar da mata tamanin da huɗu.

Yawancinmu ado ne ya kawo mu, yadda ake ɗaura yadi a rumfa da jera furanni kamar a hotunan waya. Mako uku cur ba ta bari mun taɓa yadi ba. Fili muke aunawa da taku. Muna zuwa wuri da ƙarfe uku mu tsaya mu ga inda inuwa za ta koma da ƙarfe biyar. Ta koya mana shimfiɗa tabarmi suna kallon alƙibla tun farko, a kafa rumfar masu magana ta gabas, yadda in an zo sallah ba mai ja ko juya komai, rana kuma tana bayan mutane. Ta koya mana tsayar da mai jawabin da ya zarce lokacinsa ba tare da an ci masa fuska ba: sai mace ɗaya ta miƙe da tiren ruwa ta nufo shi a hankali. Sai a mako na huɗu ta fito da kayan ado, su ma faya-fayai ne da ƙorai da zanen saƙi, ta ce wanda ya saya a kanti kowa na da irinsa.

Jarabawarta guda ɗaya ce, kuma ba a zaure ake yi ba. Taro na gaske take karɓowa ta miƙa wa ɗalibai. Ranar taron sai ta ci ado, ta zo a baƙuwa, ta zauna cikin mutane. Ba ta magana, ba ta nuni, ko rumfa ce ta faɗi. Zubi shida ta yi haka ba ta karya ba.

Namu taron a Dutsi ya faɗo: walimar saukar karatu ta makarantar matan aure, ɗalibai ashirin da uku. Shugaban makarantar, Malam Sha'aban, shi ya zo da kansa har zauren ya faɗa mana damuwarsa. Al'adarsu ita ce wadda ta fi kowa shekaru ita ke rufe karatu, bayan la'asar. Bara dattijuwar da ta rufe, a gaban mutum goma sha ɗaya ta yi karatu, cikinsu har da masu naɗe tabarmi. Tun ranar ba ta sake taka makarantar ba.

"Ta bana kuwa ta riga ta ja mini kunne," in ji shi. "Ta ce ita ba za ta yi wa tabarma karatu ba. In ta ɗaga kai ta ga wuri wayam, allonta za ta ɗauka ta tafi gida."

Muka tambayi ko wace ce. Malam Sha'aban ya kalli Malama, Malama ta kalli buhunan gero.

"Inna Shatu ce," ya ce. "Mahaifiyar malamarku."

Shekararta sittin da takwas. Tana da sittin da ɗaya ta fara haɗa baƙi, shekara bakwai ta yi kafin ta kai ƙarshen izu sittin, da tabarau mai ɗaurin zare a kunne ɗaya. Na zaci Malama za ta ce wannan karon ita za ta riƙe da kanta. Sai kawai ta nuna Zubaida, tela ce mai 'ya'ya biyar wadda ba ta cika magana ba, ta ce ita ce shugaba. Ni kuma ta ce, "Rauda, ke da ko ƙosai aka ba ki sai kin ƙirga, takalma da butoci naki ne."

Lissafinmu bai da aibu a takarda. Kati ɗari makarantar ta raba, muka ninka, mutum ɗari biyu. Bakwai cikin goma, ɗari da arba'in. Buta talatin da biyar, zubi huɗu, minti goma sha biyu cif. Tabarma arba'in, tiren abinci arba'in, duro biyu na ruwan da zai ishi mutum ɗari biyu da arba'in. Sau biyu muka je Dutsi muka auna filin makarantar, taku sittin da biyu a tsaye, arba'in a kwance, da darbejiya uku ta yamma. Mun tambayi komai game da filin. Game da masu karatun kuwa sunayensu kawai muka karɓa.

Ranar Asabar ɗin da ƙarfe biyu da rabi aka buɗe da addu'a. Rumfa ta yi kyau, Zubaida ta jera faya-fayai ashirin da uku a bayanta, kowanne da sunan ɗaliba ɗinke da zare. Malama ta iso cikin leshi ruwan toka, ta cire takalmi, ta zauna a sahu na uku kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

Ƙarfe uku saura kwata na yi ƙirgan farko: ɗari biyu da sittin. Na ce ba komai, an ɗan zarce. Ƙarfe uku da minti biyar na sake bi: ɗari uku da saba'in. Tabarmi sun cika, mata sun fara shimfiɗa zannuwansu a ƙasa. Uku da kwata, ɗari huɗu da goma. Sau biyu na maimaita, ko na haɗa da na hagu. Ban haɗa ba.

Na zagaya bayan katanga inda Sabiru mai lasifika ke zaune kusa da janaretansa. Mutumin Dutsi ne, magidanci, da furfura a gemu.

"Malam Sabiru, don Allah kati nawa aka raba a garin nan?"

"Kati?" Ya yi dariya har da tafa cinya. "Hajiya, ku mutanen birni da takarda! Ba ku san wa za ta rufe karatu ba?"

"Inna Shatu mana."

"To Inna Shatu wace ce?"

"Mahaifiyar Malama."

"Uwar Malama kaɗai? Shekara arba'in tana ungozoma a garin nan. Ni da kike gani ita ta yanke mini cibiya, ta yanke wa 'ya'yana shida. Wa zai jira kati? Wallahi na ƙauye ma ba su gama isowa ba, ga babura can."

Nan take na buga lissafin a tafin hannu. Bakwai cikin goma na ɗari huɗu da goma, ɗari biyu da tamanin da bakwai. A buta talatin da biyar, zubi tara. Minti ashirin da bakwai. Fiye da rabin masu neman buta za su ce bari in leƙa gida. Ladan kuma ƙarfe huɗu saura minti goma yake kira, saura minti talatin da biyar ke nan.

Ban nufi Zubaida ba, gaskiya, Malama na nufa. Na ratsa sahu na durƙusa kusa da ita kamar mai gaisuwa.

"Malama, ɗari huɗu da goma ne."

"Masha Allah," ta ce, idonta na kan rumfa.

"Malama, butocin ba za su kai ba. Inna ce fa."

"Baiwar Allah, ni baƙuwa ce. An ce akwai zoɓo, har yanzu ban gani ba."

Muryarta lafiya lau. Amma na ga ta zauna a kan tafin hannuwanta duka biyu, ta danne su da cinya.

Zubaida na bayan rumfa da takardar jerin masu karatu. Na faɗa mata adadin, na ce ta karɓi abin magana ta roƙi na kusa su je gida su ɗauko butocinsu.

"Ki ce in sallami taron da bakina," ta ce. "Wadda ta fita ta fita. Ba mace ɗaya da za ta tashi daga tabarmar nan. Guda nawa muke nema?"

"Talatin da bakwai, in ana son zubi huɗu."

"Masallaci fa?"

"Maza na bukatar nasu a lokacin."

Ta yafito Yasmin da sauran ɗaliban Malama. Sai ta ce, "Mu za mu je. Ni da Yasmin mu tsaya a kan karatu, ku goma ku ɗauki bahunan wanke-wanke, kowacce layi ɗaya, buta shida, kuma a cike, don ruwanmu ma ba zai kai ba. Kada ku ce makaranta. Ku ce Inna Shatu ce ke aron buta."

Ta zaro ƙullin zaren da ya rage daga ɗinkin faya-fayai, kala goma, ta ba kowacce kala ɗaya ta ɗaura a hannun butocin layinta, don a san inda za a mayar.

Layin bayan injin niƙa ya faɗo mini, da jan zare. Matan gidajen duk suna wurin taro, sai maza a majalisa gindin bango. Na yi sallama na ce Inna Shatu ce ke aron buta. Wani dattijo da ke gyaran igiyar shanu ya ɗago.

"Inna Shatu? Yau kuma wa ke naƙuda?"

"Baba, ita ce ke sauka."

"Ita ce kuwa! Kai, Mainasara, tashi ka shiga ka kwaso duka. Har da ta bayan gida."

"Baba, ta bayan gida a bar muku."

"A'a, ɗauki. Da ba don ita ba da wannan ƙaton bai zo duniya da rai ba, kin gan shi nan sai ci."

Mainasara, mai gemu har ƙirji, ya miƙe yana cewa Baba ka tona ni gaban baƙi. Gida huɗu kawai na shiga baho ya cika. Minti goma sha huɗu da fitata na dawo, ruwa na zuba mini a wuya. Ta ƙarshe a cikinmu ta shigo saura minti shida a kira sallah. Muka jera butocin a gindin katanga, na bi su da yatsa: namu talatin da biyar, na aro sittin. Sabiru ya miƙo tasa ta saman katanga, ya ce a haɗa, ya yi taimama in ta kama. Casa'in da shida. Zubi uku, minti tara.

Da ladan ya kira, Zubaida ta karɓi abin magana. Ban taɓa jin ta yi jimla biyar a jere ba sai ranar.

"Iyayena da yayyena, ba inda za ku. Ga ruwa nan, ga buta ta ishi kowa. Sahu uku na gaba su fara, saura su biyo. Tabarmar da kike kai alƙibla take kallo, nan za ki yi sallarki. Abinci kuma sai Inna ta rufe."

Wata daga baya ta ɗaga murya: "'Yar nan, ai kin kama mu ta ko'ina!" Aka kwashe da dariya.

Ina tsaye da agogo. Mu goma muna cika butoci daga duro, ana ajiyewa muna ɗauka. Wata mai goyo ta riga ta sa takalmi ƙafa ɗaya, ta hango jan zare a hannun wata buta, ta tsaya.

"Wannan ai butar gidanmu ce!"

"Ita ce, Yaya. Ta riga ki zuwa."

Ta cire takalmin ta karɓa. Minti goma sha ɗaya aka yi, ba tara ba, don tsofaffi ba sa sauri. Duro na biyu saura kamar taƙi ɗaya a gindinsa.

Ana sallamewa na ruga bakin tabarmi. Na bi ƙafar dama ɗaya bayan ɗaya. Ɗari huɗu da ashirin da uku. Ba wadda ta tafi, sha uku ma aka ƙaru, na ƙauyen da Sabiru ya ce suna hanya.

Ƙarfe biyar saura minti ashirin aka kira Inna Shatu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da farin hijabi da allonta a ƙirji. Ta zauna a rumfa, ta gyara tabarau, ba ta fara ba. Sai da ta ɗaga kai ta bi filin da kallo tun daga sahun gaba har gindin darbejiya, a hankali, kamar ita ma ƙirgawa take. Ta matso da bakinta kusa da abin magana, ba ta san ya kama ba, ta ce, "To, yau kam ba tabarma ba ce."

Minti bakwai ta yi tana karatu. Sau ɗaya ta tsaya, Malam Sha'aban ya buɗe baki zai ɗora ta, ta ɗaga masa hannu ta ci gaba da kanta. Da ta kai aya ta ƙarshe guɗa ta tashi ta kusurwa huɗu, har Sabiru ya rage muryar lasifika. Na waiwaya sahu na uku. Malama ta zare hannuwanta daga ƙarƙashin cinya, ta rufe fuska da gyale.

Abinci tire arba'in ne aka yi wa mutum biyar-biyar, ya koma goma-goma, wasu sha ɗaya. Ba wadda ta ƙoshi, ban kuma ji wadda ta yi ƙorafi ba. Kafin magariba mun mayar da buta sittin gidajensu, kala-kala, ta Sabiru kuma ta saman katanga.

Muna naɗe tabarmi Inna Shatu ta aiko a kira shugabar. Malama na tsaye taku uku daga gare ta, amma 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta, ba ta kuma kallonta cikin mutane. Ta riƙe hannun Zubaida tana jujjuyawa.

"Ke 'yar wace ce a Daura?"

Zubaida ta faɗa.

"Ba ni na karɓe ki ba ke nan. Da na sani. Allah ya yi miki albarka." Ta ɗan karkata kai gefe, ba ta juya ba. "Ku gaya wa waccan ta iya koyarwa."

"Inna, tana jin ki," in ji Zubaida.

"Na ce ku gaya mata."

A mota muna komawa Daura Malama ta ce duk mun ci, mu goma sha biyu. Sannan ta ce Rauda ta buɗe littafi ta rubuta sabon darasi, a sa shi a makon farko: kafin a tambayi kati nawa aka raba, a tambayi su wane ne za su tsaya a gaban mutane, kuma me suka yi wa garin. Na ce Malama, ke fa kin sani tun farko. Ta ce ta sani, kwana uku ba ta iya cin abincin kirki ba, kuma har yanzu ba a kawo mata zoɓonta ba.

Zubi na takwas sun fara watan jiya, mata goma sha biyu, biyu daga Mai'aduwa suke zuwa a babur. Zubaida ce ke koya musu makon aunawa. Ni kuma tun daga ranar na riƙe taro tara, a takwas takalman bayan la'asar sun kai na kafin la'asar, na taran ruwan sama ne ya kore mu.

Don Allah ki gwada. Taro na gaba da za a yi a gidanku, suna ne ko walima, ki je bakin tabarma saura rabin awa a kira la'asar, ki ƙirga ƙafar dama. Ki ɗauki bakwai cikin goma, ki raba huɗu, ki tanadi buta daidai haka, a cike. In an idar da sallah ki koma ki sake ƙirgawa.